HUKUNCIN SAYAR WA ƊAN DAUDU TUFAFIN MATA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci namiji da mace, Ya saukar wa 'yan Adam tufafi don su rufe al'aura, su kuma yi ado. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda 'yan tireda da teloli da dillalai su kan ci karo da ita, amma kunya ta kan hana su kai ta gaban malamai. Ba ta bar birni ba, ba ta bar ƙauye ba. Mai rumfa a Kantin Kwari na Kano, da tela a Maƙera ta ƙasar Dutsin-Ma, da mai kasa gwanjo a Kurfi, duk babu wanda ya fi ƙarfin ta same shi wata rana. Mas'alar kuwa ita ce, namijin da aka sani da daudu ya zo sayen atamfa, ko gyale, ko doguwar rigar mata, wani lokaci ma har ya yafa a kafaɗa ya nemi madubi. To, mene ne ya wajaba a kan mai kaya?

Galibin mutane sun kasu gida biyu. Wasu su ce ciniki ciniki ne, kuɗin ɗan daudu da na liman duk aljihu ɗaya su ke shiga. Wasu kuwa su tashi da zagi da tsinuwa, su tara masa yara su yi masa atule har bakin kasuwa, suna ganin sun yi wa addini aiki. Dukansu biyu sun yi gaggawa. Shari'a ta ba mai kaya damar ya hana tufa, wani lokaci ma ta wajabta masa hanawar, amma ba ta taɓa damƙa masa mutuncin mai sayen ba.

WANE NE ƊAN DAUDU

Daudu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masu bincike da dama suna danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori, wanda a ke yi wa laƙabi da Daudu. An san 'yan daudu da kwaikwayon mata a murya da karairaya da habaici, an kuma san su da sana'ar girki da suyar kaji a tasha da kasuwa da gidajen biki. Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano ya kuma fitar da littafi a kansu a 2009, ya nuna cewa da yawansu suna salla da azumi, wasu sun je Hajji, wasu suna da mata da 'ya'ya. Akasarinsu ma rigar maza su ke sawa yau da kullum, sai dai a ga ɗaurin zane a kanta wajen murhu, ko ɗankwali a wajen biki. Saboda haka wanda a ke magana a kansa Musulmi ne, ɗan wani, ƙanen wani, mai yiwuwa kuma uban wani.

Larabawa suna kiran irin wannan mutum mukhannas, kalmar da asalinta ya ke nufin lanƙwasa da laushi. Daban ya ke da khunsa, watau mata-maza, wanda aka haifa da shubuha a gaɓɓansa. Shi wannan ba shi da laifin kome, yana da hukunce-hukuncensa, har ma Shehu Halilu da bayanin gadonsa ya rufe Mukhtasar.

ASALIN HANI

Babu saɓani cewa haramun ne namiji ya kamanta kansa da mace da gangan. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abu Huraira la'ana a kan namijin da ya sa suturar mace, da macen da ta sa suturar namiji. Wannan hukunci ne tabbatacce, tausayi ba ya sauya shi, zamani kuma ba ya goge shi.

Amma fa ɗalibin Larabci zai lura da kalmar da hadisin ya zo da ita, watau tashabbuh. Wannan awo na tafa'ul a ilmin sarfu ya kan nuna ƙaƙalo abu da ɗora wa kai shi da niyya. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya raba mukhannas gida biyu a sharhinsa na Sahihu Muslim. Akwai wanda haka Allah Ya halicce shi da siririyar murya da sanyin jiki, bai ƙaƙalo ba. Wannan babu zargi a kansa, babu zunubi. Akwai kuma wanda ya koya ya ɗora wa kansa, shi ne abin zargi. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya ƙara da cewa na farkon ma a kan umarce shi ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali gwargwadon ikonsa.

Har ila yau Ibnu Hajar ya yi nuni da cewa siffar tufafi tana bin al'adar kowace ƙasa. Mazan Yaman suna ɗaura gyauto a kasuwa, ba wanda ya ce sun yi shigar mata. A nan ƙasar Katsina shadda ɗaya ce miji zai ɗinka babbar riga, matarsa ta ɗinka riga da zane. Kwalli ma maza suna sawa. Ashe ke nan ba a ƙyallen laifin ya ke ba, yana ga ɗinkin da shigar da al'adar gari ta keɓe wa mata, da kuma nufin mai sawa.

SAYE DABAN, SAWA DABAN

Wanda ya san kasuwar tufafi ya san cewa kaso mai yawa na kayan mata maza ne ke biyan kuɗinsu, su ne kuma su ke zuwa ɗauka. Magidanci ya kan sayi kayan Salla na iyalinsa, saurayi ya haɗa lefe, ɗa ya saya wa mahaifiyarsa mayafi, ɗan koli ya sari sarƙa da 'yan kunne ya shiga ƙauyuka. A gidajen da a ke kulle kuwa, miji ne ƙafar matarsa zuwa kasuwa. Su kansu 'yan daudu a kan aike su, domin mata da yawa sun yarda da idonsu wajen zaɓen zane, wasunsu kuma dillanci su ke yi.

Shari'a ta riga ta raba tsakanin mallakar tufa da sanya ta. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihul Buhari an ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Sayyidina Umar wata riga ta alharini, alhali ya riga ya bayyana cewa ba ta halatta ga maza. Da Umar ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa ba don ya sa ba ne aka ba shi. Umar kuwa ya aika da ita ga wani ɗan'uwansa a Makka. Haka nan ya ba Sayyidina Aliyu irinta, daga bisani aka yanka ta mayafai aka raba wa mata. To, idan tufar da nassi ya haramta wa namiji sawa ta halatta ya riƙe ta, ya sayar, ya yi kyauta da ita, ina dalilin tuhumar namiji don kawai an gan shi da turmin atamfa?

HALI UKU NA MAI KAYA

Daga nan za a gane cewa hukuncin ciniki yana rataye ne da abin da mai kaya ya sani, kuma halinsa ba ya wuce uku.

Na farko, bai san kome ba face mutum ya zo saye. Wannan sai ya sayar, ba a ɗora masa binciken wa za a kai wa ba. Wanda ya tsare mai saye da tambaya, matarka ce ko ƙanwarka, ya shiga abin da ba ruwansa.

Na biyu, yana zato saboda muryar mutumin, ko tafiyarsa, ko abin da a ke faɗi a kansa a gari, amma kayan irin waɗanda a ke saya wa iyali ne. Nan ma asali shi ne halacci. Allah Ya yi umarni a Suratul Hujurati, aya ta 12, da nisantar yawan zato, Ya kuma hana bin diddigin asirin mutane. Hausawa ma sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Siririyar murya ba shaida ba ce, ga shi kuwa Nawawi ya wanke mai ita in halittarsa ce.

Na uku, ya sani sani na haƙiƙa, ko alamu sun yi ƙarfin da ba su bar wata fassara ba. Misali mutum ya faɗa da bakinsa cewa shi zai sa, ko ya tsaya gaban tela ya ce a auna shi riga da siket, ko ya nemi takalmin mata yana gwadawa a ƙafarsa. A nan malaman Malikiyya ba su yi sassauci ba, domin mazhabar ta shahara da toshe kafar ɓarna. Dasuƙi, wanda ya rasu a 1230 bayan Hijira, ya kawo ƙa'ida a hashiyarsa cewa an hana sayar da duk abin da aka san mai saye yana nufin haram da shi, kamar inabi ga mai matsa giya. Tushen ƙa'idar kuwa shi ne aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakekeniya a kan saɓo. A wannan hali sai mai kaya ya janye hannunsa, tela ya ajiye tef ɗinsa.

Wani zai ce, in na ƙi, maƙwabcina zai sayar, na yi asarar banza. Amsa ita ce, ba a tambayar mutum ranar Lahira a kan rumfar maƙwabcinsa. Ribar turmi ɗaya ba ta kai a sayar da yaƙini saboda ita ba, arziki kuma na Allah ne.

GWAJI A CIKIN SHAGO

Da can ba a san gwaji a kasuwa ba, turmi a ke saya a kai wa tela da rigar awo. Yanzu kuwa ɗinkakkun kaya sun yawaita, abaya da dogayen riguna da gwanjo, har wasu shaguna sun keɓe lungu da labule inda mata ke gwadawa. Wannan ya kawo wani hakki na daban, watau hakkin matan da ke bayan labulen.

A wasu ƙasashe wannan ya zama babbar rigima. A 2016 kamfanin kantuna na Target a Amurka ya ba da sanarwar cewa kowa na iya shiga ɗakin gwaji na jinsin da ya ke ganin shi ne nasa, sai mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar ƙaurace wa kantunansa. Musulmi kuwa yana da abin koyi tun zamanin Annabi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa wani mukhannas, wanda aka ce sunansa Hitu, ya kasance yana shiga wurin mata don ana ɗaukarsa cikin waɗanda ba su da bukatar mata, irin waɗanda aya ta 31 ta Suratun Nur ta ambata. A lokacin yaƙin Ɗa'ifa, shekara ta 8 bayan Hijira, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya ji shi yana siffanta wa Abdullahi ɗan Abu Umayya jikin 'yar Gailana. Nan take ya hana irinsa shiga wurin mata.

Abin lura biyu ne. Ba a hana shi ba sai da abu ya bayyana daga bakinsa. Da ya bayyana kuma, ba a yi jinkiri ba wajen kare mata. Saboda haka lungun gwaji amana ce a hannun mai shago, kada ya bar namiji ya kutsa, ɗan daudu ne ko waninsa. Haka nan matan aure da ke sakin jiki gaban dillali ɗan daudu, suna cewa ai ɗan'uwanmu ne, su tuna da wannan ƙissa.

INDA IKON MAI KAYA YA ƘARE

Hanawa tana da ladabi. Ya isa mai kaya ya rage murya ya ce, Malam, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya ba, ga yadin maza in kana so. In ya ga fuska, ya ja shi gefe ya yi masa nasiha. Abin da ya wuce haka ya fita daga hana mummuna, ya shiga zalunci.

Na ɗaya, tsinuwa. La'anar da ta zo a hadisi a kan aiki ta ke da siffa, ba izini ba ne na nuna wani mutum da yatsa a ce wane la'ananne ne. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha yi wa haddin giya, da wani ya tsine masa sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa, alhali kuwa giya an la'anci mai shanta. A wata ruwayar ya gargaɗi sahabbai kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu.

Na biyu, duka da tara jama'a. Abu Dawuda ya kawo hadisin wani mukhannas da ya yi lalle hannu da ƙafa, aka kawo shi gaban Annabi (S.A.W.), ya sa aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina. Da aka nemi izinin kashe shi sai ya ƙi, saboda an hana shi kashe masu salla. Ko da ya ke malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, ma'anarsa ta dace da ƙa'ida: hukunci na shugaba ne, jinin Musulmi kuma haramun ne. Wannan gargaɗi ya fi kamata a ji shi a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi da Safana, inda shekarun ta'adin 'yan bindiga suka sa zukata cikin tsoro da zargi. A irin wannan hali kalma ɗaya a tsakiyar kasuwa, a ce ga namiji cikin hijabi, ta isa ta jawo a rasa rai kafin a tambayi ko wane ne. Wanda ya fara ihun yana da kamasho a cikin jinin.

Na uku, ɗaukar hoto da waya a watsa a Facebook ko TikTok. Mai yin haka ya haɗa tonon asiri da izgili, ya kuma kai abin da ya ke ƙi zuwa idon dubban yara waɗanda da ba su gani ba. Aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi kashedi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai.

Na huɗu, cuta a ciniki. Akwai mai tsauwala masa kuɗi, ko telan da zai karɓi kuɗin ɗinki ya riƙe kaya, don ya san kunya ba za ta bar shi ya kai ƙara ba. Wannan cin dukiyar mutum ne da ɓarna, saɓon mai ita kuwa ba ya halatta ta.

Hukuma tana da nata fagen. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin masu laifi a sashe na 405. Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, tana da kotunanta da Hukumar Hisba. A 2022 ma an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Tarayya don hana irin wannan shiga. Amma abin da ya faru a Bauchi a 2007 ya isa izina: aka kama maza 18 bisa zargin shigar mata, tun alƙali bai yanke hukunci ba jama'a suka taru a bakin kotu suna jifa. Shi ma mai hisba Imam Gazali ya gindaya masa sharaɗi a cikin Ihya'u, cewa mummunan abin ya zama a bayyane ya ke, ba sai an yi leƙen asiri ba. In an ɗaure hannun mai hisba da wannan, ina ga mai tireda?

LAIFI TUDU NE

Akwai tambayar da ya kamata gari ya yi wa kansa. Wa ke kiran 'yan daudu biki su yi girki su ba da dariya? Wa ke yi musu liƙi in sun yi rangwaɗa? Wa ya ga yaro yana ɗaura ɗankwali tun yana ƙarami ya yi ta shewa, sa'an nan da ya girma a haka ya kore shi daga gida ya faɗa tasha, inda ba mai karɓarsa sai waɗanda suka riga shi? Al'ummar da ta mai da daudu abin nishaɗi da dare, ba ta da bakin tsine masa da rana. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, in kuwa ya riga ya bushe, dabara a ke yi masa, don ƙarfi karya shi zai yi. Hannun mutum kuma ba ya ruɓewa ya yanke ya yar.

Shi kuma wanda aka jarraba da wannan hali, ya sani cewa ba a kama shi da muryar da aka halicce shi da ita ba, amma zanen da ya ɗaura da hannunsa zaɓinsa ne, za a kuwa tambaye shi. Girki sana'a ce ta halal, maza nawa ne su ke ci da iyalinsu da ita cikin rigarsu ta maza. Ƙofar tuba a buɗe ta ke, sahun masallaci kuma ba na gadon kowa ba ne, kada izgilin mutane ya raba shi da shi. Allah Ya ambaci tufafi iri biyu a aya ta 26 ta Suratul A'arafi, na rufe jiki da na taƙawa, Ya kuma fifita na biyu. Wannan tufa kuwa mai saye da mai sayarwa duk suna bukatarta, ba a kuma samunta a rumfar kowa.

Allah Ya shiryi wanda ya kauce, Ya tabbatar da wanda ya ke kan hanya, Ya tsare 'yan kasuwa daga cin haram da cin mutunci, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.